Bikin Sama da Shinkafar Madam

Ni dai karatuna bai wuce izu biyu ba, bokon ma a bakin taga na tsaya, amma na yi shekaru a Kasuwar Relief ta Anacha ana kallona a matsayin masanin sama.

Kusa da rumfar albasata akwai wata 'yar Ibo mai sayar da dafa-duka, muna ce mata Madam. Wata rana aka buga tsawa ta saki ludayi, ni kuma don jan hira na ce mata ta kwantar da hankali, biki taurari ke yi a sama. Tsawar nan tukwane ake ja, walƙiya wuta ake hurawa, ruwan kuma na wanke-wanke ne ake zubarwa. Wata shi ne uban biki, shi ya sa yake ƙiba har ya cika, in abinci ya ƙare ya rame. Duk a tsaye na ƙera wannan, ina ɓare albasa.

Daga nan kullum sai ta tambaye ni ko yau za su yi wanke-wanke. A Anacha da damina, wanda ya ce za a yi ruwa da wuya ya ji kunya. Ladana faranti guda da tsoka biyu.

Ranar auren 'yarta ta fari, da safe hadari ya haɗo. Ta zo tana haki, tana tambayar ko ta yi hayar rumfuna, don a fili za a ciyar da dangin miji. Na ɗaga kai sai ga bakan gizo. To, a garinmu kowa ya san in ya fito ya shanye hadari, wannan ba ni na ƙera ba, daga bakin kakata na ji. Abin da na ƙara kawai shi ne cewa baƙo ne mai haɗama, har ruwan wanke-wanke ba ya bari. Na ce kada ta wahalar da kanta.

Ana fara raba abinci aka kece da ruwa. Ina zaune cikin babbar rigata ta Sallah, na ga shinkafa tana iyo a faranti, dangin miji suna gudu da kujeru a ka. Madam ta nufo ni, ɗaurin kanta ya kwanta kamar jiƙaƙƙiyar kaza.

"Alhaji, ina baƙon naka mai haɗama?"

Na ce mata ni bakan gizon Arewa na sani, wanda ke fitowa da ƙishirwa. Na nan kuwa ƙoshi ya yi masa yawa.

Ba ta yi dariya ba. Ta sa aka ɗauko tamfol ɗin da nake rufe albasa da shi, aka ba ni gefe guda na riƙe a kan surukanta har suka cinye, ruwa yana bin hannun rigata zuwa hammata.

Farantina bai daina zuwa ba har yau, sai dai babu tsoka. In na tambaya sai ta nuna sama da ludayi, ta ce an kai wa taurari gudummawa.