Ramin da Aka Haƙa wa Mota Saboda Inna

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babban fari, ina aure a Madarumfa, Inna mahaifiyata tana wani ƙauye bayan Gabi, ita kaɗai. Baba ya rasu cikin farin, ƴan'uwana maza sun tsallaka Najeriya ci-rani ba su dawo ba. Gwiwarta ta dama ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Ruwan farko ya tsaga bangon ɗakinta. Wata mata da ta zo cin kasuwa ce ta gaya mini, ta ce in aka ƙara ruwa biyu irin wannan, ɗakin zai kwanta, ko Inna na ciki ko ba ta ciki.

Maigidana yana da ƴar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Da ita yake kai gyaɗa da gero Ɗan Issa. Da rani ba ta da laifi. Amma da damina manyan motoci sukan kwarzane hanyar Gabi, tsakiya ya yi tudu, sai cikin ƴar motar ya zauna bisa tudun, tayu na juyawa a banza. Ga kuma gulbi.

Na gaya mashi maganar ɗakin. Washegari ya kai motar wurin wani makanike a Ɗan Issa, ya kwana biyu. Ya ce an ɗora ta bisa kututtura, an kwance lam ɗinta, wato ƙarafan nan dogaye da ake jerawa ƙarƙashin mota. An ciro wasu daga gawar wata babbar mota, maƙeri ya yanke su ya ƙara musu lanƙwasa, aka cusa uku-uku kowane gefe. Gaban ma aka ɗaga shi. Ranar da ta shigo gari, tsaye take kamar zalɓe, kana hango wancan gefen hanya ta ƙarƙashinta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, “Malam, wannan mota ce ko rumbu?”

Muka kama hanyar ɗauko Inna da hantsi, ina da ciki wata bakwai. Motar ta yi tauri, kowane rami sai na ji shi a haƙorana, har sai da ya tsaya ya cika buhuna huɗu da rairayi ya jefa baya don ta lafa. Amma ba ta zauna ko sau ɗaya ba. Muka ratsa gulbi ruwa iya gwiwa, hadari na haɗuwa daga gabas.

Da muka isa, ya cire takalmi, ya tsuguna can nesa ya gaida Inna. Ita kuma ta amsa daga bayan zana, ta ja lulluɓi. Tun da ya aure ni haka suke, ba su taɓa haɗa ido ba. Matan unguwa suka ɗora tukwanenta da ƙorai da tabarma da akuya. Sai a lokacin muka ga abin da babu wanda ya tuna da shi: bayan motar ya kai mini ƙirji.

Aka kawo turmi aka kife. Inna ta ɗora ƙafar hagu, ta dama ta ƙi bi. Mata biyu suka ce za su ɗaga ta.

Ta ce, “Ni buhun gyaɗa ce? A gaban surukina za a cicciɓe ni, zane na buɗewa?”

Na ce, “To Inna, ki shiga gaba, ya fi ƙasa.”

“In zauna kafaɗa da kafaɗa da mijinki? Ke da hankalinki kuwa?”

Ta zauna bisa turmin, ta dogara sandarta. “Ku sauke mini kayana. Ɗakin nan ubanki ya gina shi. In ya faɗo mini, ba baƙo ne ya kashe ni ba.”

Na san Inna, in ta yi irin wannan zama ta gama magana. Na je na sami maigidana gindin wani icen bedi, hawaye na zuba. Na ce, “Ka runtse ido ka ɗauke ta kawai.”

Ya ce, “In na taɓa ta yau, za ta zauna gidana, amma ba za ta ƙara sakewa ba har ta mutu.” Ya dubi hadarin, ya dubi motar. “Aro mini hauya da shebur.”

Ya auna tsakanin tayun baya da igiya, ya shata layi biyu a ƙofar gidan, ya tuɓe riga ya fara haƙa, kowane rami yana gangarawa a hankali. Wani tsoho da ke saƙar igiya a inuwa ya ce, “Yaro, jiya ka sa an ɗaga ta, yau kana gumi ka sauke ta. Gobe kuma fa?” Maigidana ya ce, “Gobe sai abin da Inna ta ce, Baba.” Tsohon ya yi dariya, ya kira ƴaƴansa maza biyu suka kama haƙa.

Da ramukan suka yi zurfi, aka shimfiɗa kara a ciki, ya dawo da motar baya sannu-sannu. Tayu suka gangara, gindinta ya sauko har ya rage taki ɗaya tsakaninsa da ƙasa. Ya fito, ya zagaya bayan rumbu, ya ba mu baya.

Inna ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta miƙe da sandarta, ta gyara zanenta, ta taka ta shiga kamar mai shiga zaure. Ta zauna kan tabarma kusa da akuyarta, ta ce mini, “Gaya wa mai motar, Allah ya yi mashi albarka.”

Maza suka tura, motar ta fito. Ruwa ya cim mana a hanya. Da muka zo gulbi ya ƙaru har yana lasar ƙasan ƙofa, na rufe ido ina salati, muka haye. Da a tsayinta na da ne, da can za mu tsaya. A gida ma sai da ya haƙa wani ramin kafin Inna ta sauka. Kwana uku bayan nan aka aiko mana ɗakin ya faɗi.

Inna ta yi shekara tara a gidanmu. Ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma bayan kowace salla ina jin ta tana roƙa wa “mai motar” gafara. A hannuna ta cika. Cikin da nake ɗauke da shi mace ce, tana aure a Maraɗi, ta yi jikoki. Makaniken ban taɓa ganinsa ba, an ce ya tafi Makka bai dawo ba. Allah ya saka mashi. Motar an sayar wa wani mutumin garin Sarkin Yamma, ta yi ta jigilar gero har ta mutu. Maigidana ya rigaye ni, yau shekara goma sha ɗaya, Allah ya haskaka kabarinsa. Ni kuwa ga ni nan, ina cin sauran kwanana, alhamdu lillahi.