Yadda Na Nutsar da Mai Fito a Teburin Iya

A Guangzhou ba mu da murhu. Abin da muke kewayewa lokacin sanyi shi ne wata hita mai jan waya da Baba ya sayo, kuma gefenta Iya take ajiye kujerarta bayan sallar isha'i. Iya mahaifiyar Baba ce. Ta zo ganin likitan ido, sai zaman ya yi tsawo, mu kuwa muka samu abin da muke so. Baba yana wuni a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu yana haɗa takalman da zai tura Kano, mu yara uku muna jiran yamma: ni, da ƙanwata Ummi, da Bashir ɗan goggona, wanda suke zaune a bene na sama da mu.

Tatsuniyar Iya daban take da ta sauran tsofaffi, domin kowa a cikinmu yana da mutuminsa a ciki. Tun a Kano muka fara ta da muka je hutu. Ni ce Dije maƙeriya, Bashir ne Sambo mai fito, Ummi kuma Ƙyallu mai sarewa. Iya za ta kawo mu bakin wani hatsari ta tsaya, ta ce, "To, ga ta nan a gabanku, me za ku yi da ita?" In ka faɗi abin da za ka yi, sai ka watsa wuri huɗu, irin na kuɗin da. In masu rigingine sun fi yawa ka ci, in ba haka ba ka sha kashi.

A can Kano ne Bashir ya yi abin da ya yi. Muna tsakiyar kogi Dodon ruwa ya riƙe kwale-kwale, ya ce sai an ba shi mutum ɗaya. Kafin mu buɗe baki Bashir ya ce, "Na tura mai sarewa cikin ruwa." Ya watsa, ya ci. Ummi ta yi kuka har ta shiɗe. Iya ta ce mata ta zaɓi wani sabon mutum, ta ƙi, ta ce ita Ƙyallunta take so. Na kai wa Sambo hari ya fi a ƙirga, amma yana da wata laya da ya samo a bakin kada, wadda take ba shi damar sake watsawa in ya faɗi. Kullum sai ya tsira yana yi mini gwalo.

Da muka ce a ci gaba a Guangzhou, sai aka tarar wurin yana Kano cikin adakar Iya. Ta sa na raka ta kasuwa, tana kwatanta wa 'yan China da yatsu, kowa yana kaɗa kai yana cewa, "Meyo, meyo," wato babu. Daga ƙarshe wata mai shago ta miƙo mata ɗan lido mai fuska shida. Baba ya gan shi ya ɓata rai.

"Iya, wannan ai kayan caca ne."

"Ka ga kwabo a teburin nan?" in ji ta. "Je ka ƙirga takalmanka."

Kwanaki ta yi tana juya abin a tafin hannu, domin wuri ci ko faɗuwa kawai ya sani, shi kuwa wannan lamba yake bayarwa. Sai ta tara mu ta yanke hukunci. In mutum biyu sun kara, kowa ya jefa, mai lamba babba ya ci. Ƙarfin maƙeriya zai ƙara mini ɗaya. Layar Sambo ba za ta sake ba shi jifa na biyu ba, za ta dai ƙara masa biyu. Bashir ya yi tsalle. Murna ta hana shi sauraron doka ta ƙarshe, wadda Iya ta faɗa tana gyara ɗankwali: duk wanda ya sadaukar da wani abin da mutuminsa ya mallaka, za a ƙara masa ɗaya, amma abin ya tafi ke nan har abada.

Ni na ji. Na kalli Ummi tana raɓe bayan kujera, zuciyata ta yi sanyi irin na wanda ya ga hanya.

Ban yi gaggawa ba. Dije ta koma abokiyar Sambo. Na ƙera masa ƙusoshi kyauta, na cece shi daga 'yan fashi. Sannan na fara zuga shi, ina cewa mai fito kamarsa bai kamata ya zauna a ƙaramin kwale-kwale ba. Ya sayar da dokinsa da takobinsa da buhunan gishirinsa, ya sayi ƙaton jirgi. Iya tana jin mu, wani lokaci ta leƙo ni ta saman tabarau.

Ranar da muka sake kaiwa tsakiyar kogin nan, na ce, "Iya, na ɗaura wa Sambo sarƙa a ƙafa, zan jefa shi inda ya jefa Ƙyallu."

Bashir ya yi dariya ya jefa: biyar, da biyun laya, bakwai. Na jefa: biyu, da ɗayana, uku. Ya fara rawa a kan kujera.

"Na ba da jakina," na ce. "Na ba da 'yan kunnena. Na ba da zugazugina. Na ba da gudumar ubana."

"Bakwai da bakwai," in ji Iya. "Kunnen doki."

"Na ba da hannuna na dama."

Iya ta cire tabarau. "Ƙawata, kin ji abin da kika faɗa? Maƙeriya ba hannu?"

"Na ji."

Bashir ya daka tsawa ya ce shi ma zai bayar. Iya ta tambaye shi me ya rage masa. A nan ne na ga fuskarsa ta sauya. Laya ce kawai da jirgi. In ya ba da laya, ya samu ɗaya ya rasa biyu. In ya ba da jirgi, ruwan ne dai zai ci shi. Ya duba ni, ya gane tun yaushe nake gina masa wannan rami.

"Ƙurunƙus," in ji Iya, "kan mai fito."

Ya ture kujera ya haura sama yana kuka. Ummi ta fito daga maɓoyarta ta haye cinyata tana ƙyalƙyala dariya. Ban taɓa cin wani abu mai daɗin wannan kukan na Bashir ba, har yau kuwa.

Iya ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma mayar mini da komai ba. Na roƙe ta ko wani aljani ya dasa wa Dije hannu, ta ce doka doka ce. Har ta koma Kano, Dije da dungu take yawo, tana kallon maƙeran wasu garuruwa suna aiki. Bashir ya ɗauki sabon mutum mai ƙafa biyu da hannu biyu, ya ci gaba da morewa.

Na daɗe ina ganin rashin adalci ne. Sai da na girma, na fara sana'ar tufafi a kasuwar Shahe, na haɗu da masu cin amana na gaske, sannan na fahimci abin da tsohuwar nan ta koya mini. Ba ta taɓa cewa in yafe ba, ta san jinin da ke jikina. Ta dai nuna mini cewa ramuwa tana da farashi, kuma ba a karɓar ragi. Yanzu in wani ya cuce ni, nakan zauna in tambayi kaina ko ya kai in ba da hannu saboda shi. Yawancinsu ba su kai ko jaki ba, sai in bar su da Allah. Amma wanda ya taɓa ƙanwata, ko gobe aka sake jefawa, zan miƙa na hagun ma.