Babban Yatsan Maigidana

Ɗan Sammako mutane ke kiran maigidana, Allah ya jiƙansa, don ko zakara sai dai ya tarar da shi a hanyar gona. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare, in dai damina ce ban taɓa ganin fuskarsa da hantsi a cikin gida ba. Tafin hannunsa kuwa, in ya karɓi kwano a wurina sai in ji kamar an goga mini dutse.

Gonar ta gaji, shi ma ya sani. Shekara uku a jere abin da muke girba ba ya kai mu bazara. Sai ga labari wai gwamnati za ta ba manoma tallafin kuɗin taki, kowa ya je ofishin gona ya yi rajista. Na bi shi, don mutum ne da ko taka shi aka yi godiya zai yi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, benci biyu, fanka da ba ta juyawa, sai wata 'yar na'ura mai jar fitila da ake dangwala yatsa a kai. Tela ya dangwala, ta karɓa. Mai shago, wanda rabonsa da fartanya tun yana saurayi, ta karɓa. Maigidana ya ɗora babban yatsa, shiru. Ya sake, ya sauya hannu, sai da aka zagaye yatsu goma.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, zanen yatsunka ya goge. Aiki ya cinye shi."

Na ce, "To ɗan nan, tallafin na manoma ne ko na masu hannun jarirai?"

Ya ce, "Iya, ba ni na ƙera ta ba. Ya huta mako biyu, kar ya taɓa fartanya, a riƙa shafa masa mai. Ranar rufewa ku dawo."

Mako biyu, ana tsakiyar noman farko! Amma ya zauna. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina, safe da yamma ina murza masa mai a yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Tsohuwa, a hankali mana, ba wanki kike ba." In ce, "Rufe mini baki, ango." A kwanakin nan na san ƙaton mutumin nan tsoron kaza mai 'ya'ya yake. A nan kuma na ji bai manta kalar zanen da ya fara ganina da shi ba, ni da na ɗauka ko idona nawa ne bai sani ba.

Kwana tara ya yi a zaune. Ran na goma aka wayi gari da ruwa mai ƙarfi, na gan shi yana leƙen waje yana murza gwiwa.

Na ce, "Saura kwana biyar. Ka taɓa fartanyar nan, ni da kai ne."

Ya ce, "Ki je ki faɗa wa ciyawa ta jira ni."

Na ɓoye fartanyar a ƙarƙashin gado. Ya fita ya aro ta maƙwabci.

Ranar rufewa muka koma, na'ura ta ƙi shi. Ya goge yatsan a jikin riga, ya yi wa ma'aikacin godiya. Masifar ni na yi ta, har bakin titi. Shekarar babu taki, babu ciyawa, abin da muka girba ya kai mu inda ya kai mu. Damina biyu ya ƙara, ya rasu.

Yanzu ɗanmu ke noma gonar. Tuƙin mota ya ajiye ya dawo gida, hannunsa luɓus, na'ura ta karɓe shi tashin farko. Taki na zuwa, hatsi na kyau, ban ce ba na murna ba. Sai dai in hantsi ya yi nakan fito da tabarmar nan, in zauna daga gefe inda na saba. Gwangwanin man yana kan taga, da saura kusan rabi a ciki.

Komai na yafe masa, duniya da lahira. Kwana biyar ɗin nan ne dai da ya ƙwace mini ya kai wa ciyawa, in mun haɗu sai ya yi mini bayani.