Batiri a Zauren Malam Kolo

Ranar da aka shigo da batirin motar Malam Kolo zaurensa a unguwar Kabara, ni na fara yin kalmar shahada a kansa, kuma ban mutu ba. Kolo ya gama ja mana kunne ke nan cewa wutar da ke cikin abin nan tana iya busar da ƙato a tsaye. Na ce to, na ja can gefe na jingina da bango. Sai kawai na ji an soke ni a cinya. Na zabura ina salati, ina "Ta ja ni! Jama'a ta ja ni!" na yi waje ba takalmi, hulata ta faɗa kwata. Da aka duba, cinnaka ne. Ko inuwar batirin ban taka ba.

Kolo ko kai bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Nata'ala, ku Fulani ashe ba shanu kaɗai ke ba ku gudu ba."

Wasa ne tsakaninmu tun na kakanni. Shi Babarbare, ni Bafulatanin birni wanda ko gaisuwa bai iya da Fulatanci ba. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa, da izini na faɗa.

Mustapha ne sunan yankansa, amma ban da liman ranar ɗaurin aurensa ban san wanda ya taɓa kiran sa da shi ba. Kakansa ne ya zo daga Borno da gafaka a kafaɗa, ya zauna a Kabara. Mahaifinsa, Malam Bukar, marubucin Alƙur'ani ne, irin waɗanda ake zuwa daga nesa a jira hannunsu. An so Kolo ya gaje shi, kuma ya yi karatu daidai gwargwado, sai dai yatsunsa sun fi son sukundireba a kan alƙalami. Yana yaro ya kwance agogon bangon gidan don ya ga wa ke buga ƙararrawa a ciki. Mahaifiyarsu ta rasu tun yana rarrafe, don haka yayarsa Ya Aisa ce ta goya shi, ita ce kuma ta tsaya tsakaninsa da bulala ranar agogon. Da Kolo ya mayar da agogon yadda yake, har ya ci gaba da tafiya, Malam Bukar ya dube shi ya dube agogon, ya ce a kai shi Gwammaja wurin mai gyaran rediyo.

Daga nan sana'o'i suka riƙa mutuwa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ba da laifinsa ba. Ya ƙware a rediyo, mutane suka koma kaset. Ya ƙware a kaset, aka daina. Ya bi talabijin mai ƙeya, ya bi janareta, ya bi wayar hannu har ta kai lokacin da ake liƙe ta da gam ba a son a buɗe. Kowace ta wuce ta bar masa tarkacenta a zaure, domin Kolo ba ya zubar da komai. A wurinsa babu abin da ya lalace, sai dai abin da ba a zauna da shi ba. Unguwa ta san shi da haka, shi ma ya san an san shi da haka, kuma nan ne matsalar take.

Motar ya same ta ne a wurin wani Alhaji da ya gaji da ita. Haibirid ce, irin mai aiki da fetur da batiri tare, wadda ke tafiya shiru kamar ɓarawon takalmi a masallaci. Ta yi masa shekaru tana shan mai kamar mai azumi. Lungunsu ba ya ɗaukar mota, don haka a bakin titi take kwana, a lulluɓe. Sai bara da bazara wata jar fitila ta kama a gaban direba, motar ta fara nishi a ɗan hawan da ko keke ba ya ji. Bakanike ya ce babban batirin da ke bayan kujerar baya ne ya tsufa, a sa wani. Kolo ya ce "A sa wani," ya maimaita kalmar kamar an zage shi. Washegari ya zare filogin tsaro, ya sa safar hannu ta roba har gwiwar hannu, aka kwance batirin aka turo shi cikin kura har ƙofar gida.

A daidai lokacin ne aka bugo waya daga Nguru cewa Maimuna ba lafiya.

Maimuna 'yar baffansu ce, tare suka tashi da Ya Aisa a ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Aure ya kai ta Nguru tun suna 'yan mata, zumunci ya koma na biki da mutuwa, daga baya na waya. Ya Aisa kuwa tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan Kolo, ga ciwon gwiwa, ga baya, ga shi warin fetur na tayar mata da zuciya. Ta ce za ta je ta gano Maimuna ko da a motar haya ne.

"Motar haya?" in ji Kolo. "Ya Aisa, a cusa ki tsakanin buhun gero da akuya ina raye? Ki ba ni 'yan kwanaki. Ni zan kai ki, ki miƙe ƙafarki a baya, ko ƙarar inji ba za ki ji ba."

"Kolo, an ce jikin ya yi nauyi."

"Kwanaki kaɗan na ce."

Ta ce to. Ta koma ciki ta haɗa tsaraba: turaren wuta da ta yi da hannunta, humra, da samira cike da dubulan. Ta ƙulle ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, inda ake hango ƙunshin daga zaure.

Aikin, a gaskiya, abin kallo ne. Da ya buɗe murfin, sai ga batirin ba ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne a jere, kowacce faffaɗa kamar ƙaramin allo. Ya kwance 'yan tagullar da ke haɗa su, duk sun yi kore, ya jiƙa su a ruwan tsamiya ya dirje da toka, yadda mata ke wanke tasa. Sannan ya bi ƙwayoyin da mita. A cika kowacce da caji, a ɗaura mata ƙwan fitilar mota ya tsotse ta a hankali, a sake cikawa, a sake tsotsewa, har ta tuna ƙarfinta na da. Wadda ake wa caji sai an matse ta tsakanin katako biyu da dogon noti, in ba haka ba ta kumbura. Wutar gari ta zo ta tafi, solarsa kuma ba ta ɗaukar fiye da 'yan kaɗan a lokaci guda.

Yana da wata ɗabi'a tun zamanin rediyo: ba ya sa wa kaya alama. Inda ya ajiye abu, nan ne sunansa. Ya shimfiɗa tabarma, masu ƙarfi a jere ta gabas, masu dama-dama a tsakiya, ragwaye ta wajen ƙofa, waɗanda ba a taɓa ba a jikin bango. Na ce masa ya samo alli ya rubuta musu lamba. Ya ce ɗan marubuci ba ya ɓata rubutu a kan roba, kuma zaurensa ne, wa zai taɓa?

Ɗansa Nazeer ya bugo daga Abuja ya ce, "Baba, ka bari in sa a kawo wani batirin a ɗaura, ko in ɗauki shatar mota ta kai Gwaggo."

"Ubanka ya mutu ne?"

"A'a, Baba."

"To in ya mutu sai ka ɗauki shata."

Dubulan ya fara sauya ƙamshi. Ya Aisa ta rabar da shi ta soya wani.

Aiki ya ci kashi mai yawa, saura kaɗan, sai Allah ya yi wa Baba Ilu maƙwabcinsu rasuwa da hantsi. Zauren Kolo kuwa shi ne mafi faɗi a lungun, kuma tun zamanin Malam Bukar duk wanda ya rasu a nan ake zaman makokinsa. Ba a tambaya, domin ba abin tambaya ba ne. Kolo ya bi gawa maƙabarta, yana cikin masu ɗaukar makara. Waɗanda suka tsaya a gida suka shiga gyaran wuri. Kuma da ladabi suka yi, wannan shi ya fi ciwo. Suka kwance ƙwayoyin da ke cikin katako da ɗuminsu, suka tattara na tabarma gaba ɗaya, suka jera su tsaf a kan juna, suka hau da su saman soro inda ba wanda zai taka, a tsakiyar ranar bazara. Aka share, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa darduma.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, na ga idonsa ya tafi gabas, ya dawo tsakiya, ya koma jikin bango. Wani ya ce, "Malam Kolo, kayanka suna sama, ba abin da ya ɓata." Kolo ya ce, "Madalla, Allah ya saka da alheri." Ya cire takalmi ya zauna kusa da 'ya'yan mamaci ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Sai da mutane suka tashi sallar la'asar ya hau ya sauko da su inuwa. Na cikin katakon sun kumbura kamar gurasa. Sauran ba a san gwani ba a san rago ba. Kuma ba ya yiwuwa mutum ya baje wayoyi yana aune-aune ana karɓar gaisuwa a gidansa. Ya jira har aka tashi daga zaman.

A nan ne, in da za a tsaya, ya kamata a tsaya. Ya Aisa ta leƙo zaure ta ce, "Kolo, ko dai in bi motar hayar nan?" Shi kuwa yana durƙushe a kan tabarma, ya ce yanzu ai ya san hanya, karo na biyu ba zai ɗauki lokaci ba. Ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa yana bin 'yan gwangwan rumfa-rumfa, yana neman ƙwayoyin da za su maye kumburarrun. In ya samo, sai mita ta ce ba sa'annin sauran ba ne, a sake komawa. Mu kuwa muna zuwa kullum bayan la'asar, a dafa shayi, in tsokane shi, a yi dariya. Ƙunshin tsaraba yana nan a bakin ƙofa. Ya Aisa ta daina soya dubulan.

Wata rana da azahar yana riƙe da wayoyin mita, sai ya ji salati daga cikin gida, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Jim kaɗan Ya Aisa ta fito da mayafi da ƙunshin a hannu. Ta ratsa ta gefen tabarmar a hankali don kada ta taɓa masa jeri.

"Kolo, tashi ka raka ni tasha. Maimuna ta cika."

Ya dubi tabarmar, ya ajiye wayoyin mitar, ya tashi.

A motar haya suka tafi. An cusa ta a kujerar tsakiya, gwiwoyinta a naɗe, jarkar fetur a ƙarƙashin ƙafarta. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ba ta yi ƙorafi ba, ba ta ce a tsaya ba, har Nguru. Kolo yana bayanta yana kallon ƙeyarta duk tsawon hanyar. Sun tarar an daɗe da kai Maimuna makwancinta. 'Ya'yan Maimuna suka ce tun da aka ce mata Aisa na tafe, kullum sai ta sa an share ɗakin baƙi. Ya Aisa ta kwance ƙunshin ta ba su turaren da humrar, ta ce na uwarsu ne.

Har yau ba ta ce masa komai a kai ba. Tana zuba masa tuwo, tana tambayar sa ko ya sha maganinsa. Kolo ya taɓa ce min da ta zage shi da ya fi samun barci.

Batirin kuwa ya gama shi, don bai iya barin aiki a rabi ba. Ya daidaita ƙwayoyin, ya mayar da tagulla, ya wanke fankar da ke sanyaya su, aka mayar cikin kura zuwa bakin titi. Ya danna maɓalli, jar fitilar ba ta kama ba. Ya ce in shigo mu gwada. Muka bi titi har Ƙofar Ɗan Agundi, mota na tafiya sumul, ba nishi ba gargada. Bai yi murmushi ba. Shirun ya yi min yawa, ni kuma ba na iya zama da shiru.

Na ce, "Kai, Babarbare ya tayar da matacce! Gobe sai ka kafa allo a ƙofar gida. Amma fa ka rubuta a ƙasa: mai sauri ya nemi wani wurin."

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya juyo ya dube ni sosai.

"Nata'ala, bakin nan naka ba ya buƙatar caji, na sani. Duk zaman da ka yi a zaurena kana shan shayina kana ba mutane dariya, kana kallon ƙunshin nan a bakin ƙofa kamar yadda nake kallon sa, ko sau ɗaya bakin ya iya cewa, Kolo, ajiye mitar nan ka kai ta tasha? Sauka ka hau adaidaita."