Sitaci a Hancin Kwamfuta

Shekarun da sojoji suka koma bariki, duk wani zauna-gari-banza na unguwarmu ya wayi gari ɗan siyasa. Namu na cikin gida shi ne Yaya, ɗan wan Baba, wanda aka riƙe a gidanmu na Kabara tun rasuwar mahaifinsa. Aikinsa ɗaya ne: ya dama sitaci a bokiti, ya ɗauki tsintsiya, ya bi bango yana manna fostar ubangidansa mai neman kansila. Bangon masallaci kaɗai ya tsira daga hannunsa, shi ma don ladan ba ya wasa.

Ni kuwa ina da kwamfuta. Baba ne ya saya mini ta hannu bayan na gama koyon buga takardu a wata makaranta da ke Ƙofar Nassarawa, ya kuma ba ni ɗan ɗakin da ke jikin soro. A nan nake buga katin biki da na suna da aikin ɗalibai. In ban da wannan ɗaki, babu inda zan nuna a duniya in ce nawa ne, kuma Yaya ya san haka sarai.

Da sunan zai koya ya fara shigowa. Kafin in farga ya manne ƙofa da taga da jikin tebur, har akwatin kwamfutar ya lulluɓe hagu da dama da fuskar mutumin nan mai hular da ta fi kansa girma. Na yi magana, ya ce ado ya yi mini kyauta, in gode Allah.

Sai kwamfuta ta fara nauyi. Da safe ta tashi garau, kafin hantsi ta soma jan ƙafa. In buga layi guda, in zauna ina kallon haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu ciwon ƙafa. Wajen azahar kuma ta ɗauke ɗif. Babu abin da ban yi ba. Na goge wasanni da waƙoƙin siyasar da Yaya ya jibga mata, na kwashe kwandon shararta, na aro faifai na nemi bairos, wato cutar kwamfuta, na hana tarkacen da ke tashi tare da ita tashi. Ta ɗan sarara, sannan ta koma gidan jiya. Masu kawo aiki suka fara wucewa ta ƙofata suna kau da kai.

A nan Yaya ya sami ƙofa. Ya samu Baba ya ce ni na lalata ta, wai inji ba abin mata ba ne, gara a ba shi ya kai ofishin ubangidansa inda ake da masana. Baba kuwa in dai a kan ɗan wansa ne, zuciyarsa ruwa ce. Ya kira ni ya ce in Juma'a ta zo ba ta gyaru ba, Yaya ya ɗauka. Ranar na yi kuka, kukan takaici, har na kasa cin tuwo.

Ran Laraba da ta sake ɗaukewa, na dafa akwatin da nufin in kai masa duka. Wallahi sai da na janye hannu, zafi kamar murfin tukunya. Na sa farce na ɗaga gefen fostar. Ashe duk ƙananan hujojin da iska ke shiga sitaci ya bushe a cikinsu, ya toshe su ruf. Nan na tuna abin da malaminmu ya faɗa, cewa inji in bai sha iska ba da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya yi yawa ya kashe kansa.

Na mayar da gefen fostar na danne. Na san gidanmu. In na gyara na faɗa, Baba zai ce kuskure ne, in yi haƙuri, yayana ne, gobe kuma Yaya ya ɓullo ta wata hanya. Ni so nake da bakinsa ya ce ba ya so. Na kwashe aikina a faifai, na zauna jiran Juma'a.

Bayan an sauko daga masallaci ya zo da mai kura, yana ta washe baki. Da ya juya akwatin ya ga bayansa babu fosta, ya ce ba zai shiga ofis da shi tsirara ba. Ni na riƙe masa bokitin har ya shafe bakin fankar da ke fitar mata da zafi tas. Na san tana iya ƙonewa gaba ɗaya in tashi a tutar babu, amma ban saki bokitin ba.

Labarin abin da ya faru a ofis a bakin matan unguwa na ji shi, kuma na sa an maimaita mini. Ubangidan ya tara jama'a ya nuna musu ofishinsa ya shiga zamani. Aka kunna kwamfutar, ta yi ta rarrafe, ta mutu. Aka sake, ta sake mutuwa. Ya zage Yaya tas a gaban mutane, ya ce ya kwashe gwangwaninsa ya fita. Da yamma sai ga Yaya ya dire ta a soro, ya rantse a gaban Baba cewa shi da ita har abada, in na ga dama in sayar wa 'yan gwangwan.

Sai da na tabbata Baba ya ji rantsuwar, sannan washegari na ɗora ruwan ɗumi. Na jiƙa tsumma na bi fuskar mai neman kansilan ina ɓarewa, da daɗi kuwa. Na sa tsinke na buɗe hujojin, na kwance murfin na goge fankar. Na yi bisimilla na kunna. Ta tashi, ta wuce hantsi, ta wuce azahar, haruffa suna riga yatsuna fita.

Da la'asar Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya dubi jiƙaƙƙun takardun da ke ƙasa, ya dubi allon kwamfutar.

"Yaushe kika gane?"

"Tun Laraba, Baba."

"Kuma kika bar shi ya tafi da ita?"

"Ni na riƙe masa bokitin."

Baba ya juya ya tafi. Kwanaki ya yi yana amsa gaisuwata a ciki, ni ma ban ba da haƙuri ba, don ban ga abin ba da haƙuri ba, har yau kuma ban gani ba. Wata safiya na fito na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin. Baba yana zaune a soro, bai ko dube ni ba, ya miƙo mini makullan duka biyun.