Gashin Bakin Dda Bihi

Ni Mbarek, shekara ashirin ina aski a Tagazut, wani gari na bakin teku, kuma babu gashin da nake kwaɗayi kamar gashin bakin Dda Bihi. Baƙi wuluk, ya tanƙwaro kamar ƙahon rago, aska ba ta taɓa shi ba tun yana saurayi.

Masunci ne, ya tsufa a cikin kwale-kwale. 'Yarsa Ijja kuwa koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a kan allo take yi, shi kuma ya raina sana'ar. Ran nan muna shan shayi a ƙofar shagona ya ce, "Wannan ma aiki ne? Ku ba ni kwana bakwai. In ban tsaya a kan allon nan ba, Mbarek ya aske mini gashin baki."

Na ce, "Dda Bihi, da shaidu fa."

Ya ce, "Kai dai je ka wasa askarka."

Na kuwa wasa. Kullum da safe sai in zauna a bakin teku inda zai hango ni, ina goga ta a jikin fata.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai hawan allo juya wa igiya baya yake yi, ta turo shi gaɓa. Masunci kuwa hancin jirgi yake ba ta. Duk igiyar da ta taso, sai Dda Bihi ya juya allon ya fuskance ta, ita kuma ta nana shi da ƙasa. Kwana shida yana shan ruwan gishiri, muna shan dariya.

Tsofaffi ne kaɗai ba sa dariya. Sun san ƙaninsa Hmad, wanda igiya ta ɗauke daga kan dutse yana ɗaure ƙugiya, ya ba teku baya, ba a sake ganinsa ba. Da aka gaya mini, sai na ji kunyar askata, amma ban daina wasa ta ba.

Rana ta bakwai Ijja ta bar gefensa, ta je ta tsaya ta wajen gaɓa, ruwa iya ƙugu.

Ta ce, "Baba, rabu da ita. Ni za ka kalla."

"In ta zo fa?"

"Za ta zo. Ni dai kalle ni."

Ya daɗe kafin ya juya allon. Igiya ta ɗaga shi, sai ya miƙe tsaye yadda ya saba a jirgi, ƙafafu a ware, baki buɗe. Numfashi uku ya yi a sama, sannan ya faɗo a gaban 'yarsa.

Ya fito gashin bakin na ɗigar da ruwa, idonsa ja. Ya dubi teku, ya ce, "Ashe tana mayar da mutum gida."

Na ninke askata, na sa a aljihu.