Ɗankwalin Tanti Rifkatu

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaka da dama koko. Tanti Rifkatu ta rasu.

Tanti tela ta unguwar Bukoki, uwar zumuntar matan majami'armu. Tansiyo ne, wato hawan jini, ya tashi mata, kafin a kai ta likita rai ya yi halinsa.



Lokacin da aure ya kawo ni Yamai ban san kowa ba, ban jin Zabarmanci, kasuwa ma tsoro take ba ni. Ita ta riƙa ƙetare gada zuwa unguwarmu Kirkisoy don kawai ta ga ko na ci abinci. In ta tarar da ni kwance da littafin soyayya, sai ta ce, “Amarya, waɗannan samarin na takarda ba za su tuƙa wa mijinki Iliya tuwo ba.” Daga nan kuma ta zauna ta ce in ba ta labarin inda aka tsaya.

Lahadin da ta wuce muka rabu a ƙofar majami'a. Ɗankwalinta ya zame, na gyara mata. Ta leƙa gilashin wata mota, ta ce, “Kin ga ɗauri. Ran da na tafi ke za ki ɗaura mini. Tsofaffin nan ba su iya ba, ni kuwa ba zan tashi gaban Yesu da ɗauri a karkace ba.”

Na yi dariya. Na ce, “Tanti, bari wannan zance.”

Ɗazu 'yarta ta kira ni. Ashe Tanti ta sha faɗa musu zancen ɗaurin nan a gida. Gobe da safe matan zumunta za su je ɗakin ajiye gawa su sa mata zanen zumunta kamar yadda aka saba, kuma ni ake jira in ɗaura ɗankwalin.

Ban taɓa ganin gawa ba. Ko ta kakata ban yarda na leƙa ba.

A littattafan da nake karantawa, in an ce wani ya mutu, sau da yawa can gaba sai ya turo ƙofa, ashe kuskure aka yi. Tun safe nake kallon ƙofarmu.

Kowace Lahadi bakina na faɗin cewa Yesu ya tashi, mu ma za mu tashi. Faɗinsa da sauƙi cikin waƙa da ganga. Abin da nake tsoro shi ne in taɓa goshinta in ji sanyi, in tarar ban gaskata komai ba. Na gaya wa mijina Iliya. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, “Ita dai ta gaskata, har da shirin kwalliya. Ki je ki yi mata.”

Na ce wa 'yarta zan zo. 

Ya Yesu da ka fito daga kabari, ka riƙe Tanti har ranar da za ka kira sunanta. Ka ta'azantar da 'ya'yanta.

'Yan'uwa, Kirista da maƙwabtana Musulmi da kuka san ta, ku sa iyalinta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini, gobe in shiga ɗakin nan, kada in juya daga bakin ƙofa.